Yadda satar manhaja ta sa aka mayar da Dead Trigger kyauta

Kai da kake sauke APK na bulus a waya ko tablet ɗinka, ka san labarin Dead Trigger?

A 2012 kamfanin Madfinger na ƙasar Czech ya saki wasan a Android, kuɗinsa ko dala ɗaya bai cika ba. Duk da haka aka yi ta kwasarsa ta bayan fage. Cikin 'yan makonni suka haƙura suka mayar da shi kyauta, sai ɗan abin da suke samu daga sayayyar cikin wasan.

Masu Monument Valley ma sun ɗanɗana. A 2015 suka ce cikin kowane sauke ɗari a Android, biyar kacal aka biya. A iOS kuwa arba'in, wai nan ne mai sauƙin.