Hazon da Ya Hana Inna Barci

Yau ba labarin soyayya na kawo maku ba, wani abu ne da ya faru da ni a Argungu wanda har yanzu yana yi mini yawo a zuciya.

Makarantar su ɗiyata Hauwa'u a nan Birnin Kebbi ce ta shirya masu ziyara zuwa gidan tarihi na Kanta, aka nemi iyaye mata biyu su raka su, ni kuwa da son yawo na ce a sa da ni. Malamarsu ta raba su rukuni-rukuni, ta ce kowane rukuni ya samu dattijo ko dattijuwa ya ɗauke su a bidiyo da waya, tambaya ɗaya kawai za su yi: mene ne abin da ya fi ba ku tsoro kuna yara? Bayan mun ga kayan yaƙin Kabawa da kaburburan sarakuna, mun leƙa Matan Fada inda ake bikin kamun kifi tun 1934, sai muka sauka gidan wata gwaggon mijina, tsohuwa ce tukuf, kowa Inna yake ce mata. Ni na ɗauka za ta ce kura, ko kada, ko yunwa. Sai ta gyara zama ta dubi Hauwa'u ta ce:

"Jikata, hazo na. Shekarag ga da anka ba mu mulki, anka ce Nasara sun tashi wata wuta can cikin hamada, wai gubarta na tahowa cikin iska. Uwarmu ta rufe randuna da faifai, ta hana mu shanya tsaki waje. Ba ka ganinta, ba ka jin warinta, to mi za ka gudu ma?"

Yaran suka ƙyalƙyale da dariya, su a ganinsu ruɗun tsufa ne. Ni ma wallahi na yi murmushi. Sai da muka dawo gida Hauwa'u ta matsa wa malamarsu da tambaya, muka bi diddigi, sannan kunya ta kama ni, domin Inna ba ta faɗi ƙarya ba.

Ga yadda abin ya kasance. Ranar 13 ga Fabrairu 1960, Faransa ta gwada bam ɗinta na nukiliya na farko a kusa da wani gari mai suna Reggane, cikin hamadar Aljeriya, lokacin ƙasar tana hannunta. Ƙarfinsa ya ninka wanda Amurka ta jefa wa Hiroshima a 1945 kusan sau huɗu. To ku duba watan da aka zaɓa, lokacin hunturu ne, lokacin da iska ke kwaso ƙurar hamada ta sauke mana ita a kan gado da cikin tukunya. Duk macen da ta taɓa share ɗaki da safe ta dawo da rana ta iske ƙura ta sake rufe shi, ba sai an yi mata bayanin dalilin tsoron ba.

Faransa ba ta tsaya nan ba, ta sake a watan Afrilu, sannan ta yi na uku ranar 27 ga Disamba 1960, watanni uku ke nan ba su cika ba da samun 'yancinmu. A nan ne Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda kowa ya sani da sanyin hali, ya nuna cewa mai haƙuri ma yana da iyaka. A farkon Janairu 1961 gwamnatinsa ta kori jakadan Faransa daga Legas, ta hana jiragen ruwa da na saman Faransa sauka a Nijeriya. Duk da haka sai da Faransa ta cika gwaji 17 a hamadar, 4 a sarari, 13 a ƙarƙashin dutse, ba ta daina ba sai 1966.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, a lokacin cewa aka yi babu komai, hamada ce, ba kowa a ciki. Alhali akwai Buzaye da Larabawa da raƙumansu da rijiyoyinsu. Sai a 2014 wata jaridar Faransa ta buga taswirar sojojinsu da aka daɗe ana ɓoyewa, ta nuna cikin 'yan kwanaki ƙurar gwajin farko ta kai Chadi da Mali, ta gangara har ƙasashen bakin teku. Ashe faifan uwar Inna ba wauta ba ce. Mace ce da ba a tambaye ta ba, ba a yi mata bayani ba, ta kare 'ya'yanta da abin da ke hannunta.

Amma tsaya ku ji, labarin yana da wata fuska. Sinadarin yuraniyom da ake wannan aiki da shi, maƙwabtanmu na Nijar ke zaune a kansa, tun 1971 aka fara haƙo shi a Arlit, shekaru da dama yana taimaka wa Faransa da wutar lantarki, alhali ƙauyukan Nijar da yawa suna kwana cikin duhu. Kuma a nan Zariya, a Jami'ar Ahmadu Bello, akwai ƙaramin injin nukiliya na bincike da ya fara aiki a 2004, ana auna ƙasa da ma'adinai da abinci da shi don a san abin da ke cikinsu. Wuta ɗaya ce, ita ke dafa tuwo, ita ke cinye rumbu. Bambancin yana ga wanda ya riƙe ta, da kuma ko ya gaya wa na kusa da shi gaskiya.

Wannan ne ya kawo ni ga abin da ke damuna. Mijina ya so Hauwa'u ta bar ajin kimiyya, wai wahala ce ga 'ya mace, ni ma na kusa yarda. Daren da suka nuna bidiyonsu a gida, Inna tana magana, ita kuma Hauwa'u tana bayani da taswira a hannu, sai na ce masa, "Baban Hauwa'u, Inna faifai gare ta don ba ta samu wani abu ba. Ita wannan da ta samu hanya, mu ne za mu mayar da ita ga faifai?" Bai ce mini uffan ba a daren, amma har yau tana ajinta.

Inna ta rasu da damina ta bana, Allah ya jiƙanta. Da ba don minti goma sha biyun nan da ke cikin waya ba, da labarin ya bi ta kabari, mu kuwa muna nan muna cewa tsohuwa ta ruɗe. Don haka 'yar uwa, in kina da tsohuwa a gida, zauna kusa da ita yau ki tambaye ta, kada ki yi dariya sai kin bincika. In kuma ɗiyarki ta cika tambaya, kada ki ce ta dame ki.

Allah ya kare mu daga abin da muke gani da wanda ba mu gani, amin.