Hannun Mashi: Tarihin Dambe Da Ciwon Da Ba A Faɗa

Mai karatu, duk wanda ya tashi a ƙasar Kabi, tun daga Argungu har zuwa Sharabi ta ƙasar Bagudo can bakin iyakar Benin, ya san cewa da zarar an kai amfanin gona gida sai kalangu ya fara kiran maza. Dambe tun asali wasan mahauta ne, su ne ke yawo gari-gari lokacin kaka suna gwada ƙwanji. Hannun da aka ɗaure da kara shi ne mashi, ɗayan da aka miƙa gaba shi ne garkuwa. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka soma a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu, ya daɗe yana haɗawa da dambe da kokawa. Ga kuma Shago, wanda Ɗan Anace ya sa sunansa ya ƙi mutuwa.

To amma akwai abin da makaɗa ba su faɗa. A da ba a auna nauyi, ƙaramin yaro kan shiga da ƙato. Ƙarfin naushi kuwa daga ƙafa yake tasowa, ya bi ƙugu da gadon baya, sannan ya isa kafaɗa. Wanda ya wurga hannu kawai bai juya ƙugu ba, duk nauyin a kan kafaɗarsa da gwiwar hannunsa yake sauka. Dogo mai dogon hannu ya fi kai wa nesa. Idan kuma naushi ya sauka ta gefen ƙaramin yatsa, ƙashin bayan hannu ne ke karyewa.

Turawa sun ga irin wannan a wasansu na besbol a Amurka, inda mai jifa ke wurga ƙwallo da hannu ɗaya sau ɗaruruwa. A 1974 jijiyar gwiwar hannun Tommy John, ɗan wasan Los Angeles Dodgers, ta tsinke, likita Frank Jobe ya ɗauko wata jijiya daga ɗayan hannunsa ya dasa masa. Ya huta 1975 gaba ɗaya, ya dawo 1976, ya yi wasa har 1989. Daga 2007 kuma aka ƙayyade yawan jifan da yaro zai yi a rana a gasar yaransu.

Mu namu ɗan damben, madori ne asibitinsa, kuma hannun nan dai shi ne na fartanya da wuƙar fawa. Yanzu da masu shirya gasa suka fara raba maza bisa nauyi, saura iyayen gida su koya wa yara juya ƙugu, su kuma bar hannu ya huta. Kirari na dare ɗaya ne, kafaɗa kuwa da ita za a tsufa.