Tarihin Ɗage Gaban Keken Guragu

Dokin ƙofar da tsayinsa bai wuce yatsu uku ba ya isa ya tsayar da mai keken guragu cak. Ƙananan tayoyin gaba ne ke fara cin karo da shi, kuma idan mutum ya zo da gudu, keken na iya tsayawa shi kuwa ya kife ta gaba. Maganin abin sananne ne a yau: a ja manyan tayoyi baya kaɗan, a fizge su gaba da ƙarfi har ƙananan su tashi sama, a sauke su a bayan dokin ƙofar, sannan a duƙa gaba a tura na baya su haye. Sai dai wannan dabara ta daɗe kafin ta zama darasin da ake koyarwa.

Keken ƙarfe mai naɗewa da Herbert Everest da Harry Jennings suka ƙera a Amurka a farkon shekarun 1930 shi ya mamaye kasuwa shekaru da dama. Nauyinsa ya haura kilo 20, kuma an kafa manyan tayoyinsa can baya don kada ya kife da mai shi. Wannan tsari ya sa ɗage gabansa ke da wuya, saboda haka da yawa sai su jira mai turawa.

Yaƙin Duniya na Biyu ya sauya lissafin. Samuwar maganin fenisilin ta sa sojojin da suka ji rauni a laka suka rayu, alhali a da yawancinsu mutuwa suke yi. A 1944 Dakta Ludwig Guttmann ya buɗe sashen jinyar laka a asibitin Stoke Mandeville da ke Ingila, ya sanya wasanni cikin jinya. A 1946 kuma tsofaffin sojoji a asibitocin Amurka suka fara ƙwallon kwando a kan keke. A irin waɗannan filaye mahaya suka riƙa koyon sarrafa keke daga junansu.

Daga nan aka bi hanyoyi biyu. Wasu suka nufi gyaran titi: garin Kalamazoo ya sassaƙe gefunan titunansa a 1945, Berkeley ta bi sahu a farkon shekarun 1970 bayan matsin lambar ɗalibai naƙasassu, sannan dokar 1990 ta wajabta hakan a faɗin Amurka. Wasu kuma suka nufi keken kansa. Marilyn Hamilton, wadda ta shanye a 1978 bayan ta faɗo daga abin shawagi, ta haɗu da abokanta biyu suka ƙera Quickie da alminiyam. Nauyinsa kusan rabin na tsohon keke ne, kuma ana iya matso da manyan tayoyinsa gaba, sai ɗage gaba ya yi sauƙi.

Koyarwa ce ta zo a ƙarshe. A 1996 Dakta Lee Kirby da abokan aikinsa a Jami'ar Dalhousie ta Kanada suka fara tsara gwaji da darussa mataki-mataki, mai koyarwa na tsaye a baya riƙe da ɗamarar da aka ɗaura wa keken don kada mai koyo ya faɗi ta ƙeya. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya horar da mai keke cikin matakai takwas na bayar da keke a ƙasashe masu ƙarancin hali.

Wannan mataki ya fi muhimmanci inda gyaran titi ya yi jinkiri. Dokar naƙasassu da aka sa wa hannu a Najeriya a Janairun 2019 ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara mashigarsu. Wa'adin ya cika, amma dakali da kwata da dokin ƙofa suna nan. Wanda aka miƙa wa keke a wurin biki ba tare da an koya masa haye su ba, sau da yawa iyakarsa tsakar gida.