Daga tubali zuwa kwamfuta: tarihin yaƙi da zafi a cikin ɗaki

1/ Jama'a, duk wanda ya yi bazara a Dosara ko Bakura ko Talata Mafara ya san abin nan: ɗakin bulo mai rufin kwano ba ya kwantuwa a watan Afrilu, amma soron ƙasa na kakanni yana nan da sanyinsa. Akwai tarihi a bayan wannan. Ku biyo ni.

2/ Maginan ƙasar Hausa suna ɗora tubali su yi bango mai kauri, su jera azarar giginya, su daɓe rufi da ƙasa, su shafe da makuba. Taga ƙarama ce, kuma can sama. Kaurin bangon yana shanye zafin rana, ba ya isa ciki sai bayan sa'o'i, lokacin gari ya fara sanyi.

3/ Gwanin gwanayen wannan sana'a shi ne Muhammadu Durugu, Babban Gwani, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya wajen shekarun 1830, zamanin Sarki Abdulkarimu. Da ƙasa da azara ya ɗaure bakan gizo, ya rufe fili mai faɗi da tsayi, zafi ya taru a sama, masallata na ƙasa.

4/ To me ya faru? Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙaura Namoda a 1929. Kwano ya samu hanyar shigowa. A 1967 kamfanin siminti na Kalambaina a Sakkwato ya fara aiki. Gidan siminti ya zama alamar mai hali.

5/ Kuma mutane suna da hujja, kar mu zarge su. Soro yana son yaɓe duk shekara, indararo ya toshe ɗaki ya yi yoyo, gara ta ci azara. Kwano ya raba mutane da wannan wahala. Sai dai kwano yana ɗaukar zafi nan take ya sako shi a kanka. Aka koma dogaro da fanka da AC, wato da NEPA da janareta.

6/ A can Amurka kuma, tun shekarun 1970 Charles Eastman ya fara tunanin zana gini a kwamfuta yadda kowane bango zai zo da bayaninsa: kauri, kayan da aka yi shi da su, inda ya fuskanta. Shi ne asalin abin da ake kira BIM yau. A 2001 ma'aikatar makamashin Amurka ta fitar da manhajar EnergyPlus.

7/ Aikinta: ka ba ta siffar gini da yanayin garin na shekara guda, ta lissafa maka zafin kowane ɗaki awa bayan awa. Ka sauya rufi a kwamfuta, ka ga wutar da za ka rage, tun ba ka sayi ƙusa ɗaya ba.

8/ Misali sananne: ginin Empire State na New York. Daga 2009 aka yi masa gyara mutane na ciki suna aiki. Da irin wannan lissafi aka zaɓi abin da za a taɓa, ciki har da gyara tagogi 6,514, da nufin rage makamashi da kashi 38 cikin 100.

9/ A Najeriya, gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da ƙa'idar tattalin makamashi a gine-gine a 2017, tare da hukumar GIZ ta Jamus. Cikin abin da ta tanada: kada taga ta wuce kashi 20 cikin 100 na bango, a yi wa taga inuwa, a sa abin tare zafi a rufi. Ku duba lamba 2/ ku gani, wallahi kusan abu ɗaya ne.

10/ Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu haɗa biyun. Falke Barmou ya gina masallacin Yama a jihar Tawa a 1962, ya ci kyautar Aga Khan a 1986. A 2018 Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka kammala cibiyar Hikma a Dandaji da bulon ƙasa da aka matse a inji, tare da maginan garin.

11/ Me ya shafe mu? A Afrilun 2024 kuɗin wuta na rukunin Band A ya tashi daga kusan naira 68 zuwa 225 kowane yunit. Ƙauyukanmu da yawa ma wutar ba ta kai ba. Ajin makaranta da ɗakin haihuwa na asibitin karkara duk ƙarƙashin kwano suke, yara da masu jego ke shan zafin.

12/ Ba sai an rushe komai ba. A sa sili mai tare zafi, a yi wa kwano farin fenti, a tsawaita baki ya inuwantar da bangon yamma, a buɗe kafar iska a sama, a dasa darbejiya. Lissafin kwamfuta zai nuna wanne ya fi amfani a kan kuɗin da ke hannu.

13/ Ɗalibanmu na zanen gini da ke Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau a Mafara: ku auna soro ɗaya da ɗakin kwano ɗaya a bazara mai zuwa, ku zuba a manhaja, ku zauna da tsofaffin magina tun suna raye. Wanda ke da hoton tsohon soro na garinsu ya ajiye mana a ƙasa.