Timbuktu na Sissako da Zargin Tatsuniyar Turawa

Tun da Abderrahmane Sissako ya kai fim ɗinsa Timbuktu bikin Cannes a 2014, ya kuma kwashe kyaututtukan César bakwai a 2015, masu suka ba su bar shi ya sarara ba. Mamayar da 'yan bindiga suka yi wa arewacin Mali a 2012, da jefe wani namiji da mace a Aguelhok wanda ya zaburar da shi, sanannu ne ga masu bin lamarin. Abin da ya tayar da ni shi ne ra'ayin André Bourgeot, masanin rayuwar Buzaye, cewa fim ɗin tatsuniya ce da aka tsara don Turawa.

Hujjarsa ba ta banza ba ce. Tantin makiyayi Kidane, jarumin fim ɗin, da matarsa Satima, wadda mawaƙiyar Nijar Toulou Kiki ta fito a matsayinta, ya cika lumana, kuma an ɗauki fim ɗin ne a Walata ta Muritaniya. Rawar da 'yan tawayen MNLA suka taka wajen faɗuwar birnin ma ba ta bayyana ba. A nan na sallama masa.

Inda nake ganin ya yi tuya ya manta da albasa shi ne ƙashin bayan labarin. Masunci Amadu ya kashe saniyar Kidane saboda ta ɓata masa raga, suka yi kokawa a ruwa, bindiga ta tashi, Amadu ya mutu. Wannan rikicin makiyayi ne da maƙwabcinsa a bakin mashaya, irin wanda duk ɗan Sahel ya sani. Sabon abu shi ne kotun 'yan bindigar da Kidane ya faɗa hannunta: alƙali baƙo, magana sai da tafinta, diyyar shanu arba'in a kan mai shanu bakwai. Da wuya a ce Baturen Faransa ne ya fi fahimtar nauyin wannan hukunci.

Haka batun zargin cewa fim ɗin ya sassauta wa 'yan bindigar. Abdelkarim da ke ɓuya ya sha taba bayan sun haramta ta, da yaran da ke musun ƙwallo, suna cikin ƙungiyar da ta yi wa wata mawaƙiya bulala. Kuma wanda ya ƙalubalance su da hujjar addini limamin garin ne, a cikin masallacinsa, lokacin da suka shiga da takalma da makamai.