PPPoE

PPPoE wata ƙa'idar sadarwa ce da kamfanonin intanet ke amfani da ita wajen haɗa kowane abokin ciniki da cibiyarsu, musamman a layin DSL, wato intanet mai sauri da ke bi ta wayar tarho ta tagulla. Tana ɗaukar ƙa'idar PPP, wadda aka tsara don haɗa na'urori biyu kai tsaye, ta sanya ta cikin ƙunshin bayanan Ethernet. An wallafa bayaninta a takardar RFC 2516 a watan Fabrairun 1999, kuma ma'aikatan kamfanonin UUNET da Redback Networks da RouterWare ne suka rubuta ta.

Amfaninta

Ethernet ita kaɗai ba ta tambayar suna ko kalmar sirri. PPP kuwa tana tambaya. Haɗa su ya ba kamfani damar tantance mai layi, ba shi adireshin IP, da lissafa bayanan da ya yi amfani da su, ko da dubban gidaje na bin hanya ɗaya.

Na'urori

Na'urori uku ne ke aikin. Modem na gidan abokin ciniki. DSLAM na ofishin tarho ko akwatin bakin titi, tana tattara layuka masu yawa. BRAS kuma ita ce ke karɓar haɗin a ɓangaren kamfani, tana tura suna da kalmar sirri ga sabar RADIUS don tantancewa.

Yadda ake ƙulla haɗi

Matakin farko shi ne nema, kuma saƙonni huɗu ne. Na'urar gida tana watsa PADI, BRAS ta amsa da PADO, na'urar gida ta nemi haɗi da PADR, sannan BRAS ta tabbatar da PADS tare da lambar haɗin. A mataki na biyu, LCP na daidaita sharuɗɗan layi, PAP ko CHAP na tantance mai shiga, IPCP kuma na ba da adireshi. Saƙon PADT ne ke rufe haɗin.

Saitawa

Dole saitin ɓangarorin uku ya yi daidai. A layin ADSL, lambobin VPI da VCI na modem, misali 8/35, sai sun dace da na DSLAM. A layin VDSL, galibi lambar VLAN ce ake daidaitawa. Idan suka saɓa, fitilar DSL za ta kama, amma PADI ba zai sami amsa ba. Ana iya saita DSLAM ta riƙa liƙa lambar layi a saƙonnin nema, don BRAS ta san daga wace waya buƙatar ta fito.

Girman ƙunshi

Ethernet na ɗaukar bayit 1500 a ƙunshi ɗaya. PPPoE na cin bayit 6, PPP kuma 2, saura 1492. Idan aka bar MTU a 1500 kuma aka toshe saƙonnin ICMP a hanya, ƙananan shafuka za su buɗe, manya kuma su maƙale. Maganin shi ne a mayar da MTU 1492, ko a ƙayyade MSS na TCP a 1452. Takardar RFC 4638 ta 2006 ta ba da damar kai MTU 1500 idan na'urorin hanyar na karɓar ƙunshi mai bayit 1508.