Alamomin haɗari ga mai ciki da jariri: kada a jira gari ya waye

Jama'a masu saurarenmu, yawancin matan da muke rasawa wajen haihuwa jinkiri ne ke kashe su: jinkirin gane haɗari, jinkirin samun izinin maigida, da jinkirin samun mota ko amalanke zuwa likita.

Ga alamomin da ba a kwana da su a gida:

Zubar jini. Kowane jini lokacin goyon ciki haɗari ne. Bayan haihuwa kuwa, in ya kai rabin lita ko yana jiƙa zane bayan zane, mace na iya rasuwa cikin awa biyu.

Jijjiga. Hawan jini ke kawo ta, ba iskoki ba. Tana farawa da ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, da kumburin fuska da hannuwa.

Doguwar naƙuda. In ta wuce awa 12, a tafi. Kan ɗa da ya maƙale shi ke jawo yoyon fitsari, musamman ga yarinyar da ƙugunta bai gama ƙwari ba. Ana gyaran yoyon a Yamai da Danja kusa da Maraɗi.

Zazzaɓi. Na cizon sauro yana ƙarar da jinin uwa, ya sa a haifi ɗa ɗan mitsitsi. Shi ya sa a wajen awo ake ba da Fansidar da ƙwayoyin ƙarin jini. A riƙa kwana cikin gidan sauro.

Jariri kuma, a goge shi, a ɗora shi a ƙirjin uwa, a ba shi nono cikin awa ta farko. Dakashi kariya ne, kada a zubar. Wanka ya jira awa 24. Kada a sa toka, kashin shanu ko man goge haƙori a cibiya. In ya ƙi kama nono, jikinsa ya yi zafi ko sanyi ƙalau, ko yana numfashi da ƙyar, a garzaya CSI.

Tun 2005 da 2006 gwamnatin Nijar ta ayyana tiyatar ciro ɗa da awon ciki kyauta, amma kuɗin mota na kanmu. Magidanta, ku ba da izini tun ciki na ƙarami, ko kuna nan ko ba ku nan. Ƴan'uwa da ke Legas, Abijan ko Libiya, ku aiko da kuɗin tun wata na bakwai, a ajiye su gefe guda.

Allah ya sauki mata lafiya.